Sassabe a Gonar Karatu

 

Ɗana, ɗiyata, kowace shekara, da sakamakon bak ya fito, hatsi na cikin yabanya, sai zaurena ya cika da baƙi. Na daɗe ina riƙe da alli kafin in ajiye aiki, shi ya sa iyaye a nan Safo ke turo mini yaransu in ba su shawara. A da tambayar ba ta wuce guda: “Malam, Yamai zan tafi ko Maraɗi zan tsaya?” Ƴan shekarun nan ta sake kama. Yaro zai durƙusa ya gaishe ni, ya zaro waya ya nuna mini talla: wai ga wata jami'a a waje da ke ba da digiri wanda ɗalibi ne ke haɗa darussansa da kansa. Ya ɗebo kaɗan daga tattalin arziki, kaɗan daga kwamfuta, kaɗan daga tarihi, ya yi karatun lokacin da ya ga dama, ko da daga ɗakinsa ne. Sai ya dube ni ya ce, “Baba, wannan ai shi ya dace da ni, tunda har yanzu ban san abin da nake so ba.” Wannan maganar ta ƙarshe ce ta tsaya mini a rai, ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Kada ku ɗauka abin duk yaudara ne. Irin wannan digiri na nan da gaske, kuma akwai manyan makarantu da ke ba da shi. A Amurka suna kiransa digirin karatun gama-gari: shekara huɗu, kiredi 120 bisa lissafinsu, ɗalibi ya zauna da malami mai ba shi shawara su tsara fanni biyu ko uku da zai haɗa. Jami'ar Kolambiya da ke birnin Niyok ta tsara makarantarta mai suna ta karatun gama-gari a 1947, lokacin da sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu ke neman komawa aji da gemunsu da iyalinsu. A Ingila an kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a a 1969, ta fara koyarwa a 1971, kuma har yau tana da digirin da mutum ke tsintar darussansa daga fannoni daban-daban yana zaune a gida. Amma ku duba waɗanda aka yi abin dominsu tun asali. Manya ne masu aiki, waɗanda rayuwa ta riga ta nuna musu abin da suka rasa. Tsohon soja, ko ma'aikaciyar asibiti mai ɗiya uku, in aka ce su zaɓa sun san abin da za su ɗauka. Yaron da ya fito daga lise jiya kuwa, kamar wanda aka aika babbar kasuwar Maraɗi ne da kuɗi a aljihu, ba a gaya masa abin da zai sayo ba.

Maƙwabtanmu na Najeriya wani yanki na wannan tunani suka ɗauka. Jami'ar Nsukka ta shigo da darussan gama-gari tun farkon shekarun 1960, yanzu kuwa kowane ɗalibin jami'a a can, likitanci yake karantawa ko shari'a, sai ya ci su: Ingilishi, al'adun ƙasa, falsafa, sasanta rikici, dabarun kafa sana'a. A wurinsu waɗannan miya ce, tuwon dai shi ne fannin da mutum ya shiga. Mu a nan tsarin LMD muke bi, wato lisansi, masta, dokta, wanda ƙasashen UEMOA suka amince da shi a 2007. Lisansi shekara uku ce, zango shida, kowane zango kiredi 30, jimla 180. Masta shekara biyu, kiredi 120. Ɗalibi fanni yake shiga tun ranar farko, amma an bar masa ƙofofi. Akwai darussan tushe da ba makawa sai an yi su, akwai na tallafi irin harshe da kwamfuta da dabarun bincike, akwai kuma na zaɓi. Ƙa'idar tsarin ita ce darasin da ka ci ya zama naka, kuma ana iya tsallakawa daga wani fanni zuwa makusancinsa in hukumar makaranta ta duba takardu ta yarda. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da ke Maraɗi, wadda ɗan Safo zai iya zuwa bisa babur ya dawo ya kwana gida, tana da sashen kimiyya da fasaha, da na noma da muhalli, da na kiwon lafiya, da cibiyar IUT. Saboda haka ko ta waya aka yi maka talla ko a Maraɗi ka yi rajista, wani zaɓi zai faɗo hannunka, kuma maganata kan yadda za ka yi da shi ce.

Ni ba na cikin masu cewa mutum ya rufe ido ya bi turba ɗaya har tsufa. Kakanninmu ma ba haka suka yi ilimi ba. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga karatun zaure, babu mai kaɗa masa ƙararrawa. Shi ke zaɓar malaminsa: da hantsi ya je wurin wannan ya ɗauki fiƙihu, da la'asar ya je wurin wancan ya ɗauki nahawu, in ya ji labarin gwanin hisabi a wani gari ya naɗe buzunsa ya tafi. Malam Abdullahi na Gwandu har littafi ya rubuta yana lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta gun kowanne. Ɗan'uwanmu Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, malamin addini ne, amma lissafi da ilimin taurari suka fitar da sunansa duniya. Sai dai ku tambayi kowane malamin zaure daga nan har Madarumfa: ba a miƙa wa almajiri Muhtasar alhali bai wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala ba. Yawon neman malamai halas ne, tsallake matakala ne ba a yarda da shi ba.

A zamanin boko ma muna da abin koyi daga cikin jiharmu. Abdu Mumuni, wanda babbar jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, a Tasawa aka haife shi a 1929. Masanin kimiyyar fizik ne, ya ƙarar da ƙarfinsa kan hasken rana da yadda za a mai da shi makamashi, ya shugabanci hukumar ONERSOL. Shi ne kuma ya fitar da littafi a 1964 kan ilimi a Afirka, inda ya yi kira da a koyar da yara cikin harsunansu. Da ya yi magana kan tarbiyya an saurare shi, don kowa ya san mutum ne da ya riga ya kafu a fanninsa.

Kuma matsalolin ƙasarmu ba su san rabon da jami'a ta yi wa fannoni ba. Ku je fadamar Jiratawa ku tsaya kan zogale. Mai son ya taimaki masu nomansa sai ya san ƙasa da ruwa, ya san maganin ƙwari da illarsa ga mai cin ganye, ya iya lissafin kuɗin man inji, ya san farashi a Maraɗi da Yamai. Ku duba rigimar manomi da makiyayi kan burtali: dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, amma zama a cikinsu yana son mai sanin doka, mai iya karanta taswira, mai jin Fulatanci, wanda kuma ya san yadda ake shiga gaban hakimi. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, da aka aza harsashinsa a 2021, zai biyo ta Katsina da Jibiya. Ranar da jirgi ya fara kuka a ƙasar nan za a nemi masu haɗa aikin kwastan da lissafin kaya da harsuna uku. Don haka sha'awarku ta sanin abubuwa da yawa ba laifi ba ce, ina ma yaba muku. Sassabe kawai take buƙata.

Ku da kuka tashi a Safo ba sai an yi muku dogon bayani kan sassabin zamani ba. A da, in za a yi sharar gona, kowane toho sai an sare shi an ƙone, gona ta zama fili fetal, iska ta kwaso rairayi ta binne shuka. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsiron da ake sarewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Manoma suka karɓi dabarar suka gyara ta da hannunsu, har masu bincike suka ƙiyasta an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. To, yaya manomi ke yi? In ya iske kututturen kalgo ko sabara ya fitar da toho ashirin, ba ya barinsu duka, don za su cinye juna, a tashi da tarin ƙirare, ba inuwa ba iccen rufi. Yakan tsuguna ya duba, ya zaɓi mafi ƙarfi da miƙewa, ya bar masa ƴan'uwa biyu ko uku, in sun yi yawa biyar, ya datse sauran da kaifin adda. Bayan ƴan shekaru sai ga icce tsaye, ana samun makamashi da abincin bisashe, ganye na zuba yana zama taki.

Jerin darussan da jami'a za ta miƙo muku, tohon nan ashirin ne. Kafin ku taɓa komai ku nemo gindi: fanni guda da za ku nutse a cikinsa har ya zama ko cikin dare aka tashe ku aka yi muku tambaya za ku amsa. Shawarata, fiye da rabin kiredinku ya tafi can, ku bi shi daga darasin shekarar farko har na ƙarshe mai wuya. Sauran darussa kuma ku tambayi kowanne: me za ka ƙara wa gindina? Mai noma ya ɗora lissafin kuɗi da Ingilishi. Mai shari'a ya ɗora labarin ƙasa da taswira. Mai kwamfuta ya ɗora ƙididdiga da lafiyar jama'a. Darasin da ya kasa ba ku amsa, ko da yana da daɗin ji, ku bar shi, littafi ne za ku karanta a hutu. Taura biyu ba ta taunuwa, balle ashirin.

Abin da ya fi ɓatar da yaranmu a nan tsoro ne. Na yi wani ɗalibi mai kaifin kai da ya ci bak D, amma lissafi ya firgita shi tun a lise. Ya tafi wata makaranta a ƙetare inda ake barin ɗalibi ya zaɓa, mahaifinsa ya sayar da shanun huɗa biyu da yankin fadama ya biya. Kowane zango tambayarsa ga na gaba da shi guda ce: wane darasi ya fi sauƙin maki? Haka ya yi ta kewaye duk abin da ke da lamba a ciki har ya gama, ya dawo da takarda mai kyan hatimi, aka yi walima. Da wani furoje ya kira shi gwaji, sai aka ajiye masa jadawalin alƙaluma daga ƙauyuka, aka ce ya fitar da matsakaici ya rubuta rahoto shafi ɗaya. Ya yi awa guda yana kallon takarda. Shi da bakinsa ya ba ni labari a zauren nan, kansa a ƙasa. Ba malalaci ba ne, kuma yanzu ya koma yana koyon abin da ya guje wa, da dare bayan ya ajiye kabu-kabu. Babu dai wanda ya gaya masa da wuri cewa wanda ya ƙi sharar masallaci zai yi ta kasuwa. Darasin da kuka ji gabanku na faɗuwa in an ambace shi, sau da yawa shi ne wanda ake biyan mutum don ya iya shi.

Na kuma yi wata ɗaliba da ta karanta noma. Duk inda aka ba ta zaɓi sai ta ɗauki lissafin kuɗi da tafiyar da ƙungiya, ƙawayenta na yi mata dariya wai ta ƙara wa kanta kaya. Dalilinta kuwa a gida yake: ta taso tana ganin uwarta da abokan adashinta na shanya zogale suna sayarwa, kuɗi na shiga yana fita, ba wadda ta san ko riba ake ci ko uwar kuɗi. Yau ita ke riƙe da littafin wata ƙungiyar mata, ita ke rubuta musu takardar neman tallafi, ita kuma ke nuna musu yadda za a shanya ganye a inuwa don kada ya rasa korensa. Ba ta fi wancan yaron ƙwaƙwalwa ba. Ta san abin da ta je nema ne kawai.

Bayan gindi, sai maganar takarda. Kafin ku biya ko dala ɗaya, ku tabbatar hukuma ta san makarantar kuma ta yarda da digirinta. A ƙasashenmu masu amfani da Faransanci akwai hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968, mai mazauni a Wagadugu, da ke tantance digirori, akwai kuma ma'aikatar ilimi mai zurfi da ke duba takardun da aka samo a waje ta faɗi matsayinsu. Ku je da ƙafarku ku tambaya, zuwa da kai ya fi saƙo. Ku tambayi ANAB, hukumar ba da tallafin karatu, ko irin wannan karatu yana cikin waɗanda take tallafa wa. Kun dai ji abin da ya faru a maƙwabta: a ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Najeriya ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida bai zauna aji ba, a watan Janairun 2024 gwamnatinsu ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo. Wutar ta ci har da yaran da suka yi karatunsu tsakani da Allah. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk makarantar da ta fi yi maka maganar saurin gamawa da rangwamen kuɗi fiye da maganar malamanta da jarrabawarta, ka ja da baya, araha ba ta ado.

Ko takardar ta gaskiya ce, ku sani sanarwar konkur, wato jarrabawar ɗaukar aiki, sunan fanni take kira. Za ta ce ana neman mai lisansi a shari'a, ko a lissafin kuɗi, ko a aikin gona. Mai karɓar dosiye ba shi da lokacin sauraron tarihin darussanka, sunan da ke kan takarda yake dubawa. Saboda haka tun kafin rajista ku nemo tsofaffin sanarwoyi na irin aikin da kuke buri, ku karanta abin da suke nema, sannan ku tambayi makaranta: wane suna za a rubuta a kan digirina, kuma zai buɗe mini ƙofar masta a ina? Akwai kuma ayyukan da ba su da ɓarauniyar hanya. Likita, mai haɗa magani, alƙali, injiniyan gada, kowannensu da turbarsa da aka shata, don rayukan mutane ne a hannunsu. In can zuciyarku take, ku shiga ta ƙofa ku haƙura da tsawon hanya, faɗin karatu ya biyo baya.

Sai lokaci. Kalmar “ka yi karatu sa'ad da ka ga dama” ta fi kowace daɗi a tallar, ita ce kuma ta fi kayar da mutane. Kiredi guda ana ƙiyasta shi da aikin awa 20 zuwa 25, har da wanda ɗalibi ke yi shi kaɗai. Ku buga da 30, za ku ga zango ɗaya na cin awa 600 ko fiye. Waɗannan awoyi ba sa raguwa don babu mai kiran suna a aji. A nan gida kuwa kun san masu cin lokaci: noma da damina, aiken iyaye, biki da suna da zaman makoki, fada da shayi har tsakar dare, ga wuta da ke ɗaukewa, ga kuɗin intanet. Wanda zai yi karatu daga nesa sai ya zama shi ne ɗalibi shi ne mai tsaron aji. Ku ɗaure karatunku da lokutan salla, waɗanda ba sa tashi: awa biyu bayan asuba, awa ɗaya bayan isha. Ku nemi abokai biyu ko uku masu irin nufinku ku riƙa haɗuwa kowane mako kuna yi wa juna tambaya. Da yayyafi kogi kan cika. Kuma kowane zango ku karɓi takardar makinku ku yi mata hoto, ku adana ta cikin leda a akwatin ƙarfe. Na ga wanda gara ta cinye masa shaidar shekara biyu.

Ɗiyata, ke ina da magana ta musamman da ke. Sassaucin nan ke ya fi yi wa rana, don ke ce aure da ciki da goyo kan tsayar. Tsarin da ke ajiye miki abin da kika ci har ki dawo ni'ima ce da iyayenki mata ba su samu ba. Amma kowace makaranta da iyakar da ta sa wa dakatawa, ki je ofishin rajista ki ji ƙa'idarsu kafin ki tsaya, ki kuma bar musu takarda a rubuce. In maganar aure ta taso kina tsakiyar karatu, ki roƙi baffanki ko kawunki ya faɗi zancen ci gaba da makaranta a gaban manya tun wurin neman aure. Alkawarin da aka yi a zaure gaban dattawa ya fi wanda aka yi a waya daɗewa. Kuma kada wani ya ce miki tunda mace ce ki tsinci masu sauƙi. Matan karkararmu na jiran wadda za ta auna su a asibiti, ta koyar da ɗiyansu lissafi, ta riƙe musu asusu, kuma sun fi sakin jiki da ƴar'uwarsu.

Akwai reshe ɗaya da nake so kowannenku ya bari, ko mene ne gindinsa, shi ne harshe. Kundin tsarin mulkin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Kun sha Hausa a nono, amma ku gwada rubuta wasiƙar hukuma shafi guda da ita, da ƙa'idar rubutu da baƙaƙe masu lanƙwasa, ku ga inda za ku tsaya. Ku koya. Faransancinku ya kai ku rubuta rahoton da ba sai an gyara ba. Ingilishi kuwa, daga Ɗan Isa ka tsallaka Jibiya ka shiga ƙasarsa. Ɗan Safo mai riƙe da waɗannan uku a baki da alƙalami, a kan iyaka irin tamu, da wuya ya rasa mai nemansa.

Kada kuma ku jira sai makaranta ta tura ku sitaj. Da hutu ku je ku roƙi a bar ku ku taya aiki ko ba biya: cibiyar binciken noma ta INRAN a Tarna, cibiyar kiwon jar akuya a Maraɗi, ofishin magajin gari, gidan rediyo, ko shagon ɗan kasuwa mai shigo da kaya. A can za ku gane wane darasi ne ke aiki, wane ne ado. In lokacin rubuta kundin kammalawa ya zo, ku ɗauko tambaya daga gida, daga Gulbin Maraɗi ko dajin Baban Rafi ko tafkin Madarumfa, ku sa gindinku da rassanku duka su yi aiki a kanta. Wannan kundi shi ne shaidar da za ku ajiye gaban mai ɗaukar aiki in ya ce, “To, kai me ka iya?”

Kai kuma ɗana da ka ce mini ba ka san abin da kake so ba, ban ga laifinka ba. Ni ma a shekarunka ban sani ba. Amma rashin sani tambaya ce maganinsa, matambayi ba ya ɓata. Ka duba darasin da kake yi ba ka jin wucewar lokaci, da aikin da mutane kan kira ka ka yi musu tun kana ƙarami. Ka je ka yini da mai aikin da kake sha'awa ka ga yininsa da idonka. In har yanzu zuciyarka ta rabu, ka shiga fanni mai tushe wanda ƙofofinsa ke da yawa, ka riƙe shi da gaske shekara guda. Sauya hanya bayan ka gwada ba abin kunya ba ne, abin da ka ci ba zai ɓace ba.

Ga awon da nake ba duk wanda ya zo zaurena. Ka je ka zauna kusa da mahaifiyarka tana dama fura, ka gaya mata da Hausa, cikin magana biyu, abin da za ka karanta da wanda zai amfana da shi. In ta gane ta ce Allah ya ba da sa'a, ka samu gindi, je ka yi rajista. In ka yi ta kewaye-kewaye har ta ce “To, Allah dai ya sa mu dace,” tohonka bai sha adda ba tukuna, kada ka bari a kai sa ko tunkiya kasuwa saboda kai. Ka koma ka sake sassabe, ka dawo mu zauna, zaurena a buɗe yake bayan la'asar.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku ilimi mai amfani, ya sa iyayenku su ci moriyar wahalarsu.